Tabarmar Kwalta A Saman Dekin: Abin Da Bidiyon TikTok Ba Ya Nunawa

Akwai wani irin bidiyo da ke yawo a TikTok da Facebook wanda da wuya mutum ya wuce shi bai tsaya ba. Ma'aikaci ne a saman gini, riƙe da dogon bututun wuta da aka jona da tukunyar gas, yana gasa ƙasan wani baƙin naɗi mai kama da tabarma, yana tura shi a hankali, kwalta na narkewa tana ɗan malalowa a gefe. Cikin daƙiƙa talatin rufi ya yi sumul. Sai a rubuta a ƙasa cewa an yi bankwana da yoyo har abada, ga lambar WhatsApp.

Abin da ake shimfiɗawar shi ne tabarmar kwalta, wadda masu sayar da kayan gini ke kira fel ko membren. Fasaha ce ta gaske, kuma tana aiki. Sai dai matashin Babban Mutum da ya tura wa babansa ko yayansa wannan bidiyo, yana cewa ga maganin dekin shagonsu, ya kamata ya san cewa daƙiƙa talatin ɗin nan su ne mafi sauƙi a duk aikin. Abin da zai sa rufin ya kai shekara 15 ko 20, ko kuma ya fara ɗiga tun damina ta biyu, yana faruwa ne kafin a kunna wutar da bayan an kashe ta. Wannan ɓangaren babu mai ɗaukarsa a bidiyo, domin ba ya jan masu kallo.

Maganar ta shafi masu waya kai tsaye, saboda saman gini ya zama mazaunin na'urori. A gari irin Babban Mutum, da ke Ƙaramar Hukumar Ɓaure a masarautar Daura, gab da iyakar Nijar, wanda ke son wuta mai tabbas sola yake nema. Farantan sola a sama suke, tankin ruwa a sama, kwanon tauraron ɗan'adam a sama, kuma tun da Starlink ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 an ƙara wani abin da ke neman fili a can. A ƙarƙashin wannan rufin kuwa ga inbata, ga batir, ga teburin caji cike da wayoyin jama'a, ga na'urar POS. A da idan ɗaki ya yi yoyo, katifa ce za ta jiƙe, a shanya ta da safe. Yanzu ɗigon ruwa ɗaya a kan inbata na iya cinye jarin shekara guda.

Mene ne a cikin naɗin?

Kwalta zalla ba ta da amana a saman rufi. Idan rana ta yi zafi sai ta yi laushi ta zame, idan sanyi ya zo sai ta ƙage ta tsage. A shekarun 1960 wasu masana'antu a Italiya suka gano cewa idan aka gauraya ta da wani nau'in roba da ake kira APP, halinta na canjawa. Abin sha'awar shi ne APP ɗin nan saura ce da ke fitowa wajen sarrafa robar da ake yin kujerun biki da buhunan taki da ita, robar da binciken masanin kimiyya Giulio Natta ya samar, wanda ya samu kyautar Nobel a 1963. Abin da masana'anta ke rasa yadda za ta yi da shi, shi ya zama maganin rufi. Daga baya a Faransa da Jamus aka fito da wani haɗin da roba mai talewa da ake kira SBS.

Bambancinsu ba ƙarami ba ne ga mai gini a ƙasar Daura. An san SBS da jure tsananin sanyi, tana lanƙwasuwa ba ta karye ba ko da ƙanƙara na zuba, matsalar da babu ita a nan. APP kuwa sai zafi ya kusa digiri 150 take fara laushi, kuma ta fi jure hasken rana. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin iska ke haura digiri 40, baƙin rufi na iya kai wa digiri 70 zuwa 80. A nan APP ce ta fi dacewa, kuma dama ita ce aka fi yi domin manna wa da wuta.

A tsakiyar tabarmar akwai saƙa da ke riƙe kwaltar, ko ta foliyesta ko ta zaren gilashi. A kan kankare ta foliyesta ta fi, domin tana miƙewa. Dekin ba a tsaye yake cik ba kamar yadda ido ke gani: mai tsawon mita 10 na iya miƙewa da tsukewa da kusan milimita 3 idan zafinsa ya canja da digiri 30, abin da kan faru tsakanin tsakar rana da asubahin hunturu. Tabarmar da ba ta talewa za ta tsage daidai inda kankaren ya tsage.

To a nan ne abin ke ba da mamaki. Matashin da ba zai sayi waya a Farm Centre ta Kano ba sai ya duba RAM, ya duba ƙarfin batir, ya binciki lambar IMEI, ya kalli bidiyo uku na masu gwaji, shi ne zai aika kuɗi Kasuwar Ƙofar Ruwa ya ce a ɗoro masa fel "mai kyau" a motar Ɓaɓura. Alhali ita ma tabarmar tana da nata bayanan, a rubuce a jikin naɗin: APP ce ko SBS, foliyesta ce ko zaren gilashi, kauri milimita 3 ne ko 4. Kamfanonin kirki suna ajiye takardar bayanan kayansu a intanet, ana iya sauke ta a waya a gwada da abin da ke jikin ledar. Idan shimfiɗa ɗaya za a yi, bai kamata a yi ƙasa da milimita 4 ba. Wanda ba shi da abin awo, katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, a haɗa biyar a kara a gefen tabarmar, kusan milimita 4 ke nan. Naɗin da aka jibge a kwance a rana har ya lotse ya manne da juna kuwa, ko kyauta aka ba da shi ba riba ba ne. A tsaye ake ajiye su, a inuwa.

Galibin wannan kaya daga waje ake shigo da shi, duk da tarin kwaltar da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa a jihohin Ondo da Ogun da Edo. Don haka tun da aka saki Naira a kasuwa a Yunin 2023 farashinsa ke bin Dala, kuma duk lokacin da kaya ya yi tsada, mai rahusa marar suna ne ke cika kasuwa.

Ruwa hanya yake nema

Babban kuskuren da bidiyon ke dasawa a kai shi ne cewa tabarmar kwalta na gyara rufin da aka gina ba daidai ba. Ba ta gyarawa. Rufin da ake kira shimfiɗaɗɗe bai kamata ya zama a shimfiɗe sak ba. Dole ya yi gangara ta aƙalla santimita 1 da ɗan wani abu, gara ma 2, a kowace mita, zuwa inda ruwa zai fita. Idan babu gangarar, sai an fara yin daɓen siminti an fitar da ita kafin a yi maganar kwalta.

Lissafin mai sauƙi ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Rufin da ke da mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 irin na watan Agusta, zai karɓi lita 5,000, wato tan 5 na ruwa, wani lokaci cikin awa ɗaya ko biyu. Ruwan wannan yanki ba shi da yawa a shekara, amma a dunƙule yake zuwa. Idan mafitar ƙaramin bututu ce guda ɗaya, kuma ƙurar hunturu da ledar fiya wata da ganyen darbejiya sun toshe ta, rufin ya zama tafki. Ruwan da ya kwanta kwana uku a kan tabarma zai gano duk inda wuta ba ta kama sosai ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Maginan da suka yi sorayen Daura da Katsina da Zinder rufin shimfiɗe suka yi, da azara da ƙasa, kuma sun san ruwa ba a tare shi, kora shi ake yi. Suna karkata rufin zuwa indararo, su fito da indararon nesa da bango don kada ruwa ya ci gindin gini. Suna da nasu maganin yoyo: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Mafi muhimmanci, babu mai soro da ke shiga damina bai hau sama ba. Kafin ruwan farko ana share rufi, a cike tsaga, a gyara bakin indararo. Gine-gine irin Masallacin Juma'a na Zariya, da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, da wannan kulawar suka daɗe, ba don ƙasarsu ta fi ta kowa ba. Da siminti ya zo sai aka ɗauka an huta da hawa sama. Kayan ya canja, ruwan bai canja ba, kuma ɗabi'ar da aka yar ita ce rabin fasahar.

Wani zai ce ai waya na da manhajar auna daidaito, a ɗora ta a kan dekin a gani. Gangarar santimita 1 ko 2 a mita ba ta wuce digiri ɗaya da 'yan kai ba, kuma saman kankare ba sumul yake ba, don haka wayar ba abin dogaro ba ce a nan. Tiyon ruwa na magina ya fi ta, bokitin ruwa ma ya fi ta: a zuba a tsakiyar rufi a ga inda ya nufa da inda ya kwanta. Amfanin wayar a wani wurin yake.

Bayan gangara sai bushewa. Sabon kankare na buƙatar kusan kwana 28 kafin a rufe shi, kuma dole ya bushe sarai. Idan aka manna tabarma a kan dekin mai laima, rana za ta mayar da laimar tururi, tururin ya ɗaga tabarmar ta yi bororo, wata rana wani ya taka ya fashe. A share ƙura tas, a shafa firaima ta kwalta, a bar ta ta bushe. Mai aikin da ya tsallake firaima don ya rage kuɗi, a kan ƙura ya manna kayansa.

Sai mahaɗa, inda yawancin yoyo ke farawa. Naɗi ɗaya mita 1 ne a faɗi, mita 10 a tsawo, amma ba murabba'in mita 10 yake rufewa ba, domin kowane layi sai ya hau kan na kusa da shi da kusan santimita 10 a gefe, 15 a ƙarshe. Abin da ke saura bai kai murabba'in mita 9 ba. Ke nan rufin mita 10 sau 10 zai ci naɗi 12, a ƙara ɗaya ko biyu domin naɗe gindin rawanin gini, inda tabarmar za ta hau bango da aƙalla santimita 15 a kuma danne bakinta. Duk mai aikin da ya ce naɗi 10 sun isa, daga mahaɗar zai cire ribarsa. A mahaɗa mai kyau ana ganin siririn layin kwalta da ya ɓullo tun daga farko har ƙarshe. A nan waya ke da rana: a ɗauki hoton ledar kowane naɗi, hoton firaima kafin a rufe ta, hoton mahaɗa da bakin kowace mafita. Ranar da aka zo jayayya, gani ya kori ji.

Wutar ba ta wasa ba ce

Harshen wutar da ke fita daga bututun nan ya haura digiri 1,000. A kan kankare zalla haɗarin da sauƙi. Matsalar ita ce salon ginin da ake yayi yanzu, inda ake ɓoye rufin kwano a bayan dogon rawani, a yi magudanar kankare a gefe. Wannan magudanar ce ke yawan yoyo, ita ce kuma ake yawan kiran mai fel ya gasa, alhali katakon rufin busasshe yana nan taku ɗaya daga bakin wutar, silin na ƙasa. Wuta na iya shiga ta wata 'yar kafa ta yi ta ci a ɓoye, sai ma'aikata sun tafi gida ta tashi. Saboda haka ne a Amurka tsarin horar da masu wannan aiki da ake kira CERTA ya tanadi a tsaya gadin wuta na awa biyu bayan an kashe bututu, a Ingila ma ƙungiyar masu rufi ta fitar da ƙa'idar Safe2Torch a 2017. Waɗannan ƙasashe ne da motar kashe gobara ke isowa cikin mintuna. A ƙauyen kan iyaka, a tsakiyar rani, kusa da ɗakin da aka jera batiran litiyam ko jarkokin fetur, ƙa'idar ta fi zama dole. Kusa da katako a yi amfani da nau'in da ke mannewa da kansa ba wuta, ko maganin yoyo na shafawa. Tukunyar gas ta tsaya a tsaye nesa da wutar, kada a gasa ta don gas ya ƙara gudu, kuma tukunyar kashe gobara ta hau sama tare da ma'aikata.

Haka nan bai dace a gasa tabarmar kwalta a kan soron ƙasa ba. Ba ta kama ƙasa, ƙarƙashinta itace ne, kuma idan laima ta shiga ba ta da hanyar fita, sai azara ta ruɓe a ɓoye. Wanda ya ga yadda shafen siminti ke ɓaɓɓakewa daga bangon ƙasa ya san ƙarshen irin wannan haɗi.

Mai sola, mai huda

A ce komai ya tafi daidai. Babban abokin gabar tabarmar daga nan shi ne matashin da zai zo bayan wata biyu da na'urar huda a hannu, ya kafa ƙarafan sola. Kowane noti da ya ratsa tabarma ƙofar ruwa ce, kuma ɗan gam ɗin silikon da ake dangwalawa a kai ba ya daɗewa a wannan rana. Daga baya idan ɗaki ya fara ɗiga, mai fel ya ce laifin mai sola ne, mai sola ya ce fel ɗin ne marar kyau, mai gida ya biya sau biyu.

Maganin shi ne a juya tsarin aikin. Mai sola ya zo kafin mai fel, ya nuna inda ƙafafun ƙarfe za su tsaya, a zuba ƙananan dakalan kankare a wuraren, sannan a naɗe gindinsu da tabarma kamar yadda ake naɗe gindin rawani. Ƙarfen ya hau kan dakali, noti ya shiga dakali. Wayoyin wuta su bi ta saman rawani su sauka a bango, ko ta bututu mai lanƙwasasshen kai da aka dasa tun farko. Dora bulo a danne ƙarafa ba tare da huda ba yana yiwuwa, idan an sa shimfiɗa a ƙarƙashi kuma nauyin ya isa, amma wanda ya san iskar da ke zuwa gaban ruwan farko a wannan yanki, mai yaye kwanon makaranta, ba zai dogara da bulo biyu ba. Tankin ruwa ma haka: na lita 2,000 tan biyu ne, yana buƙatar mazauninsa a kan ginshiƙi ko bango.

Kuma kada a bar tabarmar baƙa ƙirin. Hasken rana na tsofar da kwalta, baƙin kuma na tura zafi cikin kankare, kankaren ya yi ta sako shi cikin ɗaki har tsakar dare. Batir da inbata ba sa son wannan, farantin sola ma na rasa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya haura 25. Akwai tabarma mai farar tsakuwa a sama, akwai mai fuskar alminiyam, ko a shafa fenti mai haske da aka yi domin kwalta. Inda za a riƙa hawa ana shanya ko kwana lokacin zafi, sai an yi daɓe ko tayil a kai.

Ba kowa ke buƙatar duk wannan ba. Wanda bai riga ya zuba dekin ba, kuma ba shi da niyyar ɗora bene, rufin kwano mai gangara sosai ya fi masa araha, kuma kowane kafinta a Ɓaure ko Zango zai iya gyara shi. Tabarmar kwalta ta masu dekin ce da masu magudanar kankare, su kuwa gara su yi ta sau ɗaya yadda ya kamata da su riƙa shafa siminti kowace shekara.

Akwai kuma sana'a a ciki. Kayan aikin ba su da yawa: bututun wuta, tiyo, tukunyar gas, cokalin magini, wuƙa. Matasan da suka koyi haɗa sola cikin 'yan shekaru za su iya koyon wannan, kuma wanda ya haɗa biyun a hannu ɗaya ya kashe jayayyar nan ta wa ya huda. Makarantu irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura za su yi wa yankin amfani idan suka buɗe gajeren horo a kai. YouTube zai nuna yadda ake riƙe bututu, amma gane lokacin da kwalta ta narke daidai ba ta ƙone ba sai a gaban wanda ya iya.

Ga mai biyan kuɗi, kariyarsa ɗaya ce: kada ya cika kuɗin aiki sai an yi gwajin ruwa. A toshe mafita, a tara ruwa kamar santimita 5 a kan rufin, a bar shi awa 24 zuwa 48, a riƙa duba silin daga ƙasa. A babban rufi wannan ruwa ne mai yawa, jarka 200 ta lita 25 a rufin mita 10 sau 10, don haka ana iya tare shi kashi-kashi, a fi mayar da hankali kan mafita da gindin rawani. Lokacin aikin kuwa daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Wanda ya jira sai silin ya fara ɗiga a watan Yuli zai samu jiƙaƙƙen kankare da mai aiki mai gaggawa, kuma abin da ya fi masa a lokacin shi ne ya buɗe mafita, ya matsar da inbata da batir daga inda ke ɗiga, ya jira rani.